Ragon da Ya Wanke Ni a Garejin Ƙaura

Ko zan manta da duk abin da na gani a shekarun da na yi ina tuƙi, ba zan manta da ranar da rago ya wanke ni daga zargin sata a wani gareji a Ƙauran Namoda ba. Har yau in na ga rago yana cin harawa sai in ji kamar in tsaya mu gaisa.

Da kaka ne, a shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Zamfara. Lokacin ina tuƙa wa kawuna, yayan mahaifiyata, wata tsohuwar a-kori-kura. Manomi ne a wajen Gurbin Bore, yana kuma taɓa fataucin hatsi, ni ke kai masa kaya kasuwannin Shinkafi da Ƙaura. Motar ta sha duniya, ƙofar direba ma da igiya nake ɗaure ta, amma injinta lafiya ƙalau. Shi kuwa Kawu mutumin kirki ne, sai dai in ya riga ya yanke magana a ransa, to ko liman ka kawo masa ɓata bakinsa zai yi.

Na tafi Gusau sabunta lasin, na yi 'yan kwanaki, na dawo na tarar da mota ta sauya hali. In na taka totur sai ta tsaya kamar mai shawara kafin ta motsa. Ga jijjiga, ga tari, ga baƙin hayaƙi ta salansa, ga shan mai kamar an huda tanki. A hanyar Zurmi wani mai keke ya cim mana, ya yi mana sannu da hanya, ya wuce abinsa.

Lokacin fetur ya yi wuya, 'yan bumburutu ne ke cin kasuwa. Da Kawu ya ga mai yana ƙarewa da wuri, sai ya kira ni zaure.

"Kai yaro, hwaɗa mini gaskiya. Hetur ɗin ga kaka zuƙewa ka saida, ka cika mini tanki da kananzir?"

Na ce, "Kawu, wallahi ban taɓa ba."

"Bari rantsuwa. Yanzu ƙasar ga akwai Shari'a. In bakanike yat tabbatar da kananzir na, gaban alƙali za ni kai ka, ko da kana ɗan ƙanwata."

Yanzu ina ba da labarin ina dariya, amma a lokacin ba abin dariya ba ne. Ko'ina ka zauna hirar hukuncin ɓarawo ake yi. Magana ta fita gari, abokaina a majalisa suka samu abin yi. In an kawo tuwo sai su tura mini kwano, su ce in ci da hannun dama tun yana nan. Mahaifiyata kuwa ko abinci ta daina ci sosai, kuma wannan ya fi komai yi mini zafi.

Muka fara zagayen makanikai. Matsalar ita ce, duk garejin da muka shiga Kawu ba ya barin bakanike ya yi tambaya. Tun daga bakin ƙofa zai ce, "Mai na anka gurɓata, shi za ka duba." Na Zurmi ya juye tanki, ya wanke, ya sauya fulogi. Wani ya kwance kafireto ya wanke shi tas, ya hura, ya mayar. Kowannensu sai ya ciro tukunyar nan da mota ke shaƙar iska ta cikinta, wadda suke kira iyakilina, ya ajiye gefe a rufe, ya gama aikinsa ya ɗora ta yadda ya same ta. An ce musu ciwon a mai yake, me zai kai su buɗe ta?

Ranar kasuwar Shinkafi Kawu ya ce da shi za a je. Da hannunsa ya sayi fetur, ya shinshina, ya tsaya a kaina har aka zuba. Ya kuma sayi wani ƙaton rago na sunan jikansa, muka ɗaure a baya. Muka kama hanyar Ƙaura, mota ta ci gaba da tarinta kamar ba a yi mata komai ba. Na ce a raina to yau dai na fita. Ina! Sai Kawu ya ce, "Ai ka riga ka lalata mata ciki. Mu tahi wurin babban bakanike na Ƙaura, daga nan sai kotu."

Da la'asar muka rarrafa muka isa. Aka sauke rago don ya sha iska, aka ba ni igiyarsa in riƙe, wai kada in taɓa mota. Bakaniken ya ɗaga bonet, Kawu ya fara karanta masa karatun kananzir. Ni ina tsaye ina salati a zuci, sai na ji an fizge ni. Rago ne ya ja ni har gaban mota, ya ɗora ƙafafunsa na gaba a kan bamba, ya cusa baki a hancin iyakilina. Na ja, ya ja. Da ya ɗago kai sai ga shi yana tauna, wani sili na harawa yana lilo a bakinsa.

Bakaniken ya dubi rago, ya dubi Kawu, ya ɗauko sifana ya kwance murfin. Jama'a, abin da ya zubo ya isa a yi wa akuya kalaci! Ɓawon wake ne da garin harawa, sun cushe sun toshe ko'ina, ko numfashin sauro ba zai wuce ba.

Bakaniken ya ce, "Alhaji, motar ga ba ta samun iska, shi ya sa taka shan mai tana hayaƙi. Halan sussuka anka yi da ita?"

Rago ya ci gaba da taunarsa. Kawu ya gyara hula, ya sake gyara ta. Can ya ce, ƙasa-ƙasa, "Wake na ɗai munka ɗan taka."

Ashe da na tafi Gusau, ya ga masu sussuka sun yi masa nawa, sai ya sa aka baje waken a fili, ya shiga mota da kansa, ya sa ta a lamba ɗaya, ya yi ta zagaye a kai har wake ya fita daga ɓawo. Shi a ganinsa dabara ya yi, bai ma ɗauka abin faɗa ba ne. Duk abin da ya tashi a filin nan mota ta shaƙe shi.

Aka kakkaɓe, aka wanke, aka mayar. Na murɗa makulli, na ɗan taɓa totur, mota ta yi wata kururuwa har rago ya tsorata. Mutanen gareji suka fashe da dariya, ni kuwa sai na ji hawaye na zubo mini.

Muka fita Ƙaura, muka kama hanyar gida. Sai da muka yi nisa Kawu ya ce, yana kallon taga, "Ɗan nan, na zalunce ka. Ka yahe mini." Da muka isa gida bai shiga nasa ba, sai da ya je ya faɗa wa mahaifiyata da bakinsa. Ranar suna na roƙa a bar ragon nan a sayi wani, aka yi mini dariya. Da aka kawo mini kasona na kasa ci.

Abin da na koya shi ne, in ka riga ka kama mai laifi a zuciyarka, to ko ƙwararre ka kai wa aiki inda ka nuna masa kawai zai duba. Yanzu ni ma ina da motoci da direbobi. In mota ta fara nauyin ƙafa, ina kai ta gareji in yi shiru, a buɗe ko'ina, kafin in buɗe bakina a kan ɗan wani.