Kududdufin da Aka Cike

Har yau in na bi ta gaban shagunan da ke bayan layinmu a Gyaɗi-Gyaɗi, sai na ji zuciyata tana tafarfasa. Wallahi ko ruwan leda ban taɓa saye a wurin ba, kuma ba zan saya ba.

Kududdufi ne a wurin a da. Daga cikinsa aka haƙi ƙasar da aka gina gidajen layin, har da ɗakin da Baba ya gina wa Inna, mahaifiyata, kafin Allah ya yi masa rasuwa. Damina na sauka, duk ruwan unguwa can yake gangarawa ya kwanta. Kainuwa ta lulluɓe shi, tarwaɗa na cinye 'ya'yan sauro, kwaɗi na cafke manyan, balbela kuma na zuwa ta ɗauki rabonta a bakin ruwa. Mu dai barci muke yi, gidajenmu a bushe.

Kwatsam sai ga wani Alhaji daga Hotoro, wai ya sayi wurin. Rami fa! Ya aiko gida-gida cewa kowa ya riƙa zuba shararsa a ciki. Jama'a kuwa kamar jira suke. Malam, maƙwabcinmu da muka haɗa katanga, shi ne kan gaba da baronsa, har da ɓaraguzan gini yake turowa.

Na tare shi a ƙofar gida na ce, "Malam, in kun cike, ruwan ina za shi?"

Ya ce, "Ke 'yar nan, aikin asibiti ya sa miki tsoron komai. Kwaɗin nan sun hana mu sakat, ga sauro. Ruwa ai zai nemi hanyarsa."

Na ce, "Hanyar tasa ta tsakar gidanmu ce."

Dariya ya yi mini, ya tura baronsa. Inna ma cewa ta yi in ja bakina, ba a sa-in-sa da manya. Na roƙe ta ta dawo ɗakina na bulo kafin damina, ta ce, "Ɗakin da mahaifinki ya cuɗa ƙasarsa da ƙafarsa? Ina nan daram."

Aka cike, aka zuba jar ƙasa, aka malala siminti, shaguna suka tashi. Sauron da aka ce za a kora ya ninka, don yanzu a kwatoci yake haihuwa, ba kifin da zai taɓa shi.

Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi ina wurin aiki. Da la'asar na sauka daga adaidaita sahu na tarar layinmu ya zama kogi. Tsakar gidanmu ruwa har gwiwa, baƙi ƙirin, ledoji na yawo. Matan maƙwabta sun fito da Inna daga ɗakinta zuwa zaure, da ƙyar, tana tirjewa. A gabanmu bangon ɗakin ya jiƙe, ya tsage, ya zauna. Inna ba ta yi kuka ba, salati kawai take yi. Ni ce na yi kukan, na baƙin ciki.

Washegari Malam ya shigo jaje, wai a yi haƙuri, ƙaddara ce.

Na ce, "Malam, wannan ƙaddarar da baro aka turo ta."

Alhajin kuwa ko leƙe bai yi ba, tir da hali irin nasa!

Ruwa ya kwanta a kangon ɗakin, kafin damina ta ƙare kwaɗi sun tare a ciki. Kukansu har cikin raina nake jin sa. Wata safiya na ɗauko galan ɗin kalanzir zan kwarara musu, sai Inna, wadda tun ranar ba ta ko kallon wajen, ta riƙe mini hannu.

Ta ce, "Ƙyale su. Su ma gidansu aka cike."