Carbin da Yake Komawa Baya

Wata rana, shekara shida ke nan, na ja wa wani dattijo asarar aikinsa a birnin Akara. Ko matata ban taɓa ba wa labarin nan ba. Yau zan faɗa, ku zage ni idan kun ga dama, na cancanta.

Mu huɗu ne muka tafi daga Kaduna. Dayyabu ne shugabanmu, shi ya koya mana sana'ar. Wai sana'a! Caca ce dai, amma mun sa mata riga mai kyau, muna kiranta lissafi.

Wasan shi ne bilakjak, kartar da ake neman maki ashirin da ɗaya. Dabararmu kuwa ƙirga katin da ya fita. In ƙaramin kati ya fito, ka ƙara ɗaya a ranka. In babba ya fito, ka rage ɗaya. Idan lissafin ya yi sama, ka san manyan katuna ne suka rage, lokacin zuba kuɗi ya yi.

Ni ne mai ƙirga. Nakan zauna a tebur ina sa ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Da lissafi ya nuna, sai in ba da alama, Dayyabu ya zo kamar bai taɓa ganina ba, ya zuba manyan kuɗi. Masu gidan caca ba abin da suka tsana kamar irinmu.

Matsalata ɗaya ce, kiɗa da hayaniya na rikita min kai. Sai na samo dabara, har ina yabon kaina.

Carbi.

In an ƙara ɗaya, in ja ƙwaya gaba. In an rage, in mayar da ita baya. Ina yi ina motsa baki kamar mai zikiri. Alamar kuwa, in naɗe carbin a wuyan hannu.

Ni ne nan, wanda ya sauke Alƙur'ani yana ɗan shekara sha huɗu.

Da rana muke zuwa gidan cacar, lokacin da babu cunkoso. A ƙofar gidan akwai wani mai gadi, Baba Armiya'u, haifaffen Zango, unguwar Hausawan can, furfura ta cika masa gemu. Ran farko da ya ji na amsa waya da Hausa, fuskarsa ta washe.

Ya tambaye ni mutanen gida ɗaya bayan ɗaya kamar ya san su. Ya nuna min wani lungu a bayan ginin inda yake shimfiɗa kwali ya yi salla. Ya ce shekararsa goma sha tara a ƙofar nan, da albashin yake riƙe da jikoki uku da 'yarsa ta rasu ta bari. Ya ce saura shekara ɗaya ya ajiye aikin a ba shi kuɗin sallama, ya huta da gadin wurin da zuciyarsa ba ta so.

Na ce Allah ya sa albarka, hankalina yana kan tebur.

Abin da ban sani ba, tun kwana na biyu masu kallon kyamara suka sa min ido. Suka kira Baba Armiya'u, tunda shi ya san abin da ke hannuna, suka tambaye shi. Ya ce musu zikiri ne. Ya ce yaro ne da caca ta kama, yana roƙon Allah ya raba shi da ita. Ya ce ya sa aikinsa a kan maganar.

A kwana na biyar, wajen la'asar, sai na ji mutum ya tsaya a bayana. Ya daɗe a tsaye. Can ya sunkuyo kamar zai ɗauke kofin da ke gabana, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Ɗana, wane zikiri ne wannan?"

"Istigfari ne, Baba."

"Shekarata sittin da uku ina jan carbi. Ban taɓa ganin istigfarin da ake mayarwa baya ba. Tashi ka tafi, tun ba su sauko ba."



Da na tashi a lokacin, da shi ke nan. Amma lissafin ya kai goma sha biyu, ba mu taɓa ganin haka ba tun zuwanmu. Na ce a raina zagaye ɗaya kawai. Na naɗe carbin a wuyan hannu, a gaban idonsa.

Dayyabu ya zo, ya zuba, ya ci, ya kwashe, ya sulale. Ni kuwa ban kai ƙofa ba ƙarti biyu suka riƙe min kafaɗa.

Aka kai ni wani ɗaki a sama. Manajan gidan yana zaune, Baba Armiya'u yana tsaye a gefe da hularsa a hannu. Aka kunna mana hoton kyamara. Ga shi yana gaishe ni ran farko, ga shi yana kai ni bayan gini, ga shi yana raɗa min a kunne, bayan minti ɗaya kuma ga alama ta fita. Duk wanda ya kalli hoton nan zai rantse tare muke.

Manajan ya tambaye ni abu ɗaya. Ya ce wannan tsohon, naku ne?

Amsar a bakina take. Ba namu ba ne.

Sai dai Dayyabu ya sha ja mana kunne cewa in an kama ka, kada ka amsa komai. In na ce ba namu ba ne, na yarda ke nan akwai mu. Ga Dayyabu da sauran biyun suna ƙasa, ba su gama karɓar kuɗin da muka ci ba.

Na sunkuyar da kai, na yi shiru.

Sau uku ya maimaita tambayar. Baba Armiya'u bai roƙe ni ba, bai ko kira sunana ba. Kallona kawai yake yi.

Ni hoto suka ɗauke ni, suka ce kada a sake ganin ƙafata a wurin. Shi kuwa a take aka karɓe makullai da katin aikinsa. Babu sallama, babu komai.

Washegari na bi tambaya har na samo gidansa a unguwar Nima. Na tarar da shi a ƙofar ɗaki yana wanke kwanuka. Na durƙusa, na ajiye masa duk kasona a cikin ambulan. Ya fi albashinsa na shekara. Na kasa haɗa ido da shi, ina ta cewa Baba ka yafe min.

Ya share hannu a jikin riga, ya tura min ambulan ɗin da yatsa ɗaya.

"Ɗauke, ɗana. In na karɓa, abin da suka ce na yi ya zama gaskiya."

Na ɗauka na fito. Ban taɓa jin na raina kaina kamar ranar ba.

Darasi: In ka fake da kamannin mutanen kirki don ka yi ɓarna, wani mutumin kirki ne zai tsaya maka, kuma shi zai kwana a ciki. Gaskiyar da ka kasa faɗa lokacin da ake buƙatarta, kuɗi ba ya sayo ta daga baya.

Ka tura wa wanda ka san akwai mutumin da shirunsa ke cutarwa a yanzu. Wataƙila shi bai makara ba tukuna.