Rayuwar Sadaichi Iriguchi, Mai Busa Gilashin Cocin Koura

Haihuwarsa da Asalinsa

An haifi Toma Sadaichi Iriguchi a watan Maris na shekarar 1936, a ƙauyen Koura da ke tsibirin Okinose, cikin jerin tsibiran Goto. Sunan mahaifinsa Kumezo, mahaifiyarsa kuwa Sue. Sana'ar Kumezo ita ce busa ƙwallayen gilashi waɗanda masunta ke ɗaura wa taru don kada ya nutse. Shi ne kuma ya busa koren gilashin tagogin cocin Koura a shekarar 1921, sa'ad da jama'ar ƙauyen suka gina shi da bulon da suka yi dakonsa a bayansu tun daga gaɓar teku. Ƙarfinsu bai kai su sayi gilashin Turai ba, sai ɗan wanda aka yi jan furen tsubaki na tsakiyar kowace taga da shi. Korayen ganyayen da ke kewaye da furen duk daga tanderun Kumezo suka fito.

Karatu da Koyon Sana'a

Sadaichi ya kammala makarantar ƙauyensu a shekarar 1951, ba tare da ya yi wani fice ba, domin hankalinsa na wajen tanderu. Darasin farko da mahaifinsa ya ba shi shi ne, da zarar an liƙe bakin ƙwallo, numfashin mai busawa ya zauna ciki ke nan har abada, saboda haka kada mutum ya kuskura ya busa yana cikin fushi.

Aure da Zuriya

A shekarar 1961 ya auri Marina Tsuyako, ɗiyar wani masunci, mace mai fara'a wadda ba ta ajiye magana a ciki. Ba a saba ganin mace a bakin tanderu ba, amma a makon farko na aurensu ta tsaya a kansa ta ce, "Ba ni bututun nan, Sada. In dai busa ce, ai ni ma kullum ina hura wuta."

Ƙwallon da ta busa ya fito ƙato, a karkace kamar kabewa. Kumezo ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Kai, amarya! Wannan ko kifi ya gani sai ya tsaya kallo."

Ta ce, "Ku yi dariyarku, Baba. A dai ajiye mini, numfashina ne."

Aka ajiye shi a kan kanta, kusa da hoton Maryamu. Allah ya albarkace su da 'ya'ya uku.

Hijira Neman Abinci

Da ƙwallayen roba suka shigo kasuwa, sana'ar ta mutu murus. Bayan rasuwar Kumezo a shekarar 1974, Sadaichi ya kashe tanderu ya tafi Osaka aikin masana'antar kwalabe, Tsuyako ta zauna tana renon yara tana sharar coci. Ya dawo gida a shekarar 1996, amma zaman bai yi tsawo ba, domin ta rasu a shekarar 1999. An yi jana'izarta a cocin, aka binne ta a maƙabartar da ke bayansa. Tun daga ranar ba ya barin kowa ya goge wa kabewar nan ƙura sai shi.

Aikin Gyaran Coci

A shekarar 2006 wata guguwa ta yaye rufin cocin, ta yi kaca-kaca da yawancin tagoginsa. A lokacin gidajen da suka rage a Koura ba su cika goma ba, kuma duk na tsofaffi. Bishop ya yanke hukunci cewa muddin jama'a ba su gyara ginin cikin wa'adin da ya ɗiba ba, za a rushe shi, a kwashe kaburbura zuwa babban tsibiri. Tsakani da Allah ba za a ga laifinsa ba, amma maganar tone Tsuyako ta hana Sadaichi sukuni.

Masu aikin sa kai suka riƙa zuwa duk lokacin hutu: ɗalibai daga Nagasaki, da 'ya'yan ƙauyen mazauna birni, har da maƙwabta mabiya addinin Buda, waɗanda kakanninsu ko auratayya ba sa yi da mutanen Koura. Suka gama rufi, saura tagogi. Gilashin da aka sayo daga birni ya ƙi dacewa da ragowar na asali, ya yi ta ƙyalli kamar haƙorin zinariya a bakin tsoho. Nan ne Sadaichi, yana da shekara saba'in da 'yan kai, ya sake kunna tanderun mahaifinsa. Aka bi rumfunan masunta ana tattaro tsofaffin ƙwallayen da aka busa a gidan su Sadaichi. Yakan farfasa su ya narkar, ya busa kamar doguwar kwalba, ya tsaga, ya shimfiɗe, matasa su yanka ganye su ɗaure da dalma.

A shekarar 2011 likita ya hana shi busa saboda ciwon huhu. Ya ce to, ya kuma ci gaba da abinsa.

Tagar Ƙarshe

A bazarar shekarar 2012, wa'adi ya ƙarato, taga ɗaya ta rage, ta ɓangaren mata, daidai inda Tsuyako ke durƙusawa. Fallen gilashin ƙarshe ya tsage wajen hucewa, ɓaraguzansa ba su isa a sake ɗiba da bututu ba, kuma ƙwallayen tsibirin sun ƙare ƙaf. Washegari da safe aka ga Sadaichi ya nufo tanderu rungume da wani abu cikin zane.

Babbar 'yarsa Michiyo ta tare shi ta ce, "Haba Baba! Na Mama ne fa."

Ya ce, "Na sani. Da ta ji ana shirin tone ta ni kuma ina nan rungume da kabewa, da yau na sha baki."

Ya daɗe yana shafa ƙwallon. Sannan ya kara fuskarsa kusa, ya ƙwanƙwasa da guduma. Ya yi kuka a gaban yaran nan bai ɓoye ba. Ya narkar da gilashin, ya busa da iyakar ƙarfinsa, sai da aka tallafe shi kafin ya zauna. Fallen ya fito lafiya, illa wata 'yar kumfar iska da ta maƙale a tsakiya. Wani ɗalibi ya ce bari ya yanka ta gefe a kauce mata.

Sadaichi ya ce, "Bar ta, ɗana. Ashe numfashin nata ba duka ya fita ba."

Bishop ya zo da kansa ya sake keɓe cocin a watan Nuwamba na wannan shekara. Sadaichi bai ƙara ɗaukar bututu ba.

Rasuwarsa

Allah ya yi masa rasuwa a watan Fabrairu na shekarar 2014, yana da shekara saba'in da bakwai. An yi jana'izarsa a cocin Koura da hantsi, hasken tagar ƙarshe na sauka a kan akwatinsa, aka binne shi gefen matarsa. Ya bar 'ya'ya uku: Michiyo a Koura, da Katsuji a Osaka, da Sanae a Nagasaki, da jikoki biyar. Michiyo ce ta gaji sharar cocin duk ranar Asabar. In ta iso wajen 'yar kumfar nan takan tsaya ta ce, "Ina kwana Mama, ina kwana Baba," sannan ta sa tsumma.