Hancin Adawiyya Maiturare

A unguwarmu ta Gardole, idan amarya ta wuce ƙamshinta ya tsaya a lungu, to humrar Adawiyya Maiturare ce. Goggona ce, ƙanwar babana. Kakanninmu sun taso daga Katsina za su Makka, suka yada zango a nan, har yau ba a ɗaure kaya ba. Sana'ar kuwa wurin uwarta ta gada.

Da can Goggo ba ta barin baƙo ya zauna lafiya. Kana sallama za ta cusa maka kwalba a hanci: "Shinshina, ka gaya min gaskiya!" Wace gaskiya? Ta riga ta san abinta ya yi, yabo kawai take so, mu kuma mu ba ta.

Bara wata muguwar mura ta kwantar da ita. Ta tashi, amma hancin bai tashi ba, ko albasa aka yanka a gabanta ba ta ji. Ta ɓoye wa kowa, ta ci gaba da soya farcen turare da jiƙa itacen sandal da ido da ƙiyasi. Tambayar nan kuwa ta ɗauke ɗif. In ta haɗa sai ta toshe kwalba ta miƙa tana kallon ƙasa. Wallahi tana ba ni tausayi. Yanzu da take buƙatar amsar da gaske, yanzu ne ta kasa tambaya, don tana tsoron a ce mata sana'ar ta ƙare.

Sai ga bikin autarta Bahijja. Ta kasa tura 'yarta ɗakin miji da ƙamshin da ita kanta ba ta sani ba. Ta aika aka kira Shatu, ƙawarta ta unguwar Klemat, wadda bakinta bai iya lallashi ba.

"Shatu, hancina ya mutu. Shinshina min."

Shatu ta buɗe kwalbar, ta shinshina. "Yaya, farcen ya ƙone, ƙauri yake. Tun bayan ciwonki haka yake fitowa."

"Kin sani kika yi shiru?"

"Duk zuwan da nake yi, jira nake ki miƙo min kwalba kamar da. Ba ki miƙo ba."

Goggo ta yi kuka sosai. Sannan ta share ido da gefen mayafi, ta zubar da haɗin, ta ɗora kasko a kan garwashi.

"Kalas, shi ke nan," ta ce. "Matso kusa da ni. In ya yi, ki ce min sauke."