Igiyar da ke Ƙugun Yaya Bawa

Ranar Talata ce. Mun yi sallar asuba, Hanne matar Yaya Bawa ta dama mana kunu, muka sha a tsaye. Yaya ya saɓa igiya, ni na ɗauki guga da 'yar shebur. A hanya yana ta yi mini tsiya, wai na yi ƙiba, ya fara jin nauyina a kafaɗa. Na ce masa ƙibar me, a garin da gero ya shekara uku bai wuce gwiwa ba?

Mu masu rijiya ne, gado muka yi. Garinmu yana can arewa, kusa da iyaka. Ina yaro rijiya biyar gare mu, da fadama, da gawo a kowace gona. Rairayi ya fara da gonakin gabas. Ya cinye fadamar, ya hau katangar makaranta har taga, ya toshe rijiya huɗu. Ta biyar ta rage, mai zurfin gaba ashirin. Ita ma duk kwana goma sai an shiga an yashe ta, in ba haka ba guga ya dawo da yashi. Ƙauyuka uku ke sha a nan, su da dabbobinsu. Mai son ganin dukiyar yankin a wuri ɗaya, ya zo bakin rijiyarmu da hantsi. Mun san da haka. Ba mu kawo cewa wasu ma sun sani ba.

Babanmu ya bar mana ƙa'ida biyu. Mai riƙe igiya yana ɗaure ƙarshenta a ƙugunsa, don kada wani abu ya ɗauke masa hankali ya bar na ciki. Na ciki kuma da igiya yake magana, tunda murya ba ta fitowa sosai. Ja ɗaya, guga ya cika. Ja uku, a fitar da ni.

Ƙarfe bakwai na shiga. Yaya na riƙe, mutum biyu na taya shi. Ruwan iya cinya. Na cika guga goma sha huɗu. A sama ina jin kukan shanu, sun ƙosa a gama a ba su.

Wajen ƙarfe tara na ji babura. Ba ɗaya ba, ba biyu ba. Sai harbi. A cikin rijiya ƙarar bindiga ba ta zuwa daga sama, daga bango take fitowa ta kowane gefe. Yashi ya zubo mini a ka. Wani ya daka tsawa: "Ku kwanta! Kowa ya kwanta!" Mata na ihu, ƙasa na rawa da gudun shanu.

Tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Ban tuna kowa ba sai kaina. Na ja igiya sau uku.

Ta amsa. Na fara tashi, amma ba yadda na saba ba, da ƙyar, ana ja ana hutawa. Na gane masu taya shi sun gudu, shi kaɗai ne. Na yi sama kamar gaba uku, sai ta tsaya. Na ji harbi biyu, kusa ƙwarai. Na rufe ido ina jiran faɗuwa. Ban faɗi ba. Igiyar ta dawo da ni ƙasa a hankali, a hankali, har ƙafata ta taɓa ruwa. Daga nan ba ta ƙara motsi ba.

Na maƙale jikin bango, ban ko yi tari ba. Wani ya leƙo, kansa ya tare hasken, ya tofa yawu, ya tafi. Ƙarfe goma ƙarar babura ta yi nisa. Shanu ma babu. Rana ta zo tsaka, ta haska ni, ta wuce. Na kasa kunne ko zan ji kiran azahar, ba a kira ba. Ƙafafuna suka mutu a cikin ruwa. Na ja igiya sau ɗaya, na jira. Na sake ja. Shiru.

Da inuwa ta nuna la'asar na gwada nauyina a kanta. Ta ɗan biyo ni, sai ta tsaya cak. Na ce Alhamdulillahi, Yaya ya ɗaure ta a gwafa ya tsira. Da wannan murnar na hau, hannu bayan hannu, ina tokara ƙafa a bango.

Ba a gwafa take ba. Tana ƙugunsa. Yana kwance ba rai, a gicciye bayan gwafannin nan biyu da muke ɗora itacen jan ruwa, jikinsa ya tokare. Tafin hannunsa duk ya saɓule. Ƙullin Baba ba mai wuya ba ne, ja ɗaya yake kwancewa. Bai ja ba.

Waɗanda suka tsira suka dawo. Kafin magariba muka binne waɗanda muka samu, da kayan jikinsu. Ba mu kwana a garin ba. Ni da Hanne da 'ya'yanta mata biyu muka bi sauran jama'a kudu, ƙafa na nutsewa a rairayi inda da gonar Baba take. Da rana ta fito, ba inuwar da za a raɓa. Da hantsin Laraba muka iso titi. Wata motar albasa ta ɗauke mu, ta sauke mu a Kwangila ranar Alhamis da azahar. Daga nan muka yi ta tambaya har gidan Kawu Isa, ƙanen mahaifiyarmu, a unguwar Muchia, cikin Sabon Gari.

Ɗaki ɗaya ya iya ba mu. Hanne da yara na ciki, ni ina kwana a zaure. Zauren yana da 'yar taga can sama, kuma ba na son kallonta da rana tsaka. Mutanen Sabon Gari sun yi mana kirki. Wata maƙwabciya, Maman Rifkatu, ita ta kawo wa yaran kaya. Amma in na ce rairayi ya ci garinmu, sai su gyaɗa kai kawai. Su ga damina suna gani, ga masara har bakin titi.

Yanzu ina haƙa wa masu gidajen haya rijiya a Samaru. A nan gaba shida, bakwai, ka tarar da ruwa. Abokan aikina suna dariya, wai igiyata ta yi yawa, in raba ta biyu in sayar da rabi. Ni nake riƙewa, ba na shiga.

Hanne ta san inda aka sami Yaya. Ba ta san na ja sau uku ba.

Igiyar gaba ashirin da uku ce da Baba ya bar mana ita. Hawan da na yi ya matse ƙullin, na yi, na yi, ya ƙi kwancewa, sai da wuƙa. Yanzu ashirin da biyu ce. Ɗayar tana ƙugunsa.