Ƙafar Hagu ta Direba

Gyaran keke nake yi, kuma na gaji da jin bayani. Mutum zai turo keke ya fara ba ni tarihin ƙarar da yake yi, kafin ya kai rabi na juya taya na ga abin da ke damunsa. Shi ya sa ranar da mijin yayata ya zo shagona yana haki, ya ce sabon kekensa mai batir ba ya taimakonsa, ban tsaya jin bayani ba. Na karɓa, na kunna, na hau. Keken ya ɗauke ni kamar an tunkuɗo ni daga baya. Na zagaya layi na dawo na miƙa masa.

"Lafiyarsa ƙalau."

"Kai mai faci, ni zan yi maka ƙarya?"

"Ban ce ka yi ƙarya ba. Na ce lafiyarsa ƙalau."

Direba muke ce masa, duk unguwa. Ya fi shekara talatin yana jan bas ɗin cikin gari, hanya ɗaya, daga kasuwa zuwa asibiti ya dawo. Ƙato ne mai faɗin kafaɗa, kuma mai surutu. In ya kama ka da labarin ranar da birki ya tsinke masa a gangara, sai ka nemi wurin zama. Amma a ba kowa haƙƙinsa: bai taɓa goge ko madubin wani ba. Har yau in ya zauna cin abinci, hannuwansa biyu a gefen faranti suke kamar ya riƙe sitiyari.

Da ya yi ritaya ya zauna a gida, sai da Yaya ta kusa tattara kayanta. Ya sake wa tukwanenta wuri. Ya ce layin da take bi daga murhu zuwa famfo ya yi zagaye da yawa. Allah ya taimake ta aka ba shi ɗan fili a kan tudu, bayan tankin ruwa, inda tsofaffin ma'aikata ke shuka kayan lambu. Ya yi kunyoyin kabeji da albasa dama da hagu, ya bar hanya a tsakiya, sak kujerun bas. Na taɓa samunsa yana dashe yana cewa, "A matsa ciki, a matsa ciki, akwai wuri a baya." Tun da ya sami lambun nan gidan ya zauna lafiya.

Matsalar tudun ce. Likita ya ce zuciyarsa tana son motsi amma ba ta son wahala. Babbar 'yarsa ma'aikaciyar jinya ce, Nas muke kiranta, ita ta kawo masa keken mai batir, ta ce da wannan zai hau tudu ba gumi. Sai ga shi kullum yana dawowa riga sharkaf, yana cewa keken ya fi buhun siminti nauyi.

Irin waɗannan kekuna ba sa tafiya da kansu, sai ka taka feda injin ya ƙara maka. Abin da ke gaya wa injin kana takawa wata 'yar na'ura ce a gindin feda, muna kiranta sensa, kuma iri biyu ce. Ɗaya faifai ne mai ƙananan mayen ƙarfe a jere, in feda ta juya suna wucewa ta gaban na'urar, ita kuma ta ce wa inji ya tashi. Ba ruwanta da ko ka sa ƙarfi, juyi kawai take gani. Ɗayar kuwa nauyin ƙafarka take aunawa. Ƙarfen da ya haɗa fedojin biyu yana ɗan murɗewa in ka danna, murɗewar da ido ba ya gani, ita tana ji. Ka danna kaɗan ta ba ka kaɗan, ka danna da yawa ta ba ka da yawa. Ta Direba irin ta biyun ce.

Direba ya sake kawo keken. Ya iso, ya kashe, ya sauka, ya miƙo mini, don a cewarsa direban kirki ba ya barin inji a kunne. Na buɗe, na bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, na auna batir, na duba ko birki na kamawa. Babu komai. Mai walda na kusa da ni ya hau, ya dawo yana dariya. Nas ta hau da kayan aikinta a jiki, ta kai ƙarshen layi ta dawo. Ita ba ta yi dariya ba.

"Kawu," ta ce, ta ja ni gefe, "in keken lafiya yake, to Baba ne ba lafiya."

"Ni keke na sani."

"Ni kuma zuciya na sani. Ran Asabar zan bi shi a mota. In na ga yana haki a tudun nan, an gama. A ba wani lambun, ya zauna a gida."

Direba yana jin mu. Ya tura keken da hannu ya tafi.

Abin ya tsaya mini a rai. Mutumin nan zai ƙara gishiri a labari, amma ba zai jiƙa riga da gumin ƙarya ba. Sai na lura da abu ɗaya: kullum isowarsa nake gani, ban taɓa ganin tashinsa ba. Washegari da safe na rufe shago na tafi gidansu.

Yaya tana shanya a tsakar gida. "Auta, lafiya da sassafe?"

"Mijinki na zo kallo."

Ya fito da kwandon lambu, ya fara yi mini bayani. Na ce, "Kada ka gaya mini. Yi in gani."

Ya ɗaure kwando. Ya hau sirdi, ya gyara zama. Ya gyara ɗan madubin da ya maƙala da kansa. Ya kafa ƙafar dama a ƙasa, ya damƙe birki, ya ɗora ƙafar hagu a kan feda ya danna ta da dukan nauyinsa har keken ya yi ƙara. Sannan ya kai yatsa ya kunna.

Na zauna a kan bokitin Yaya, don dariya ta hana ni tsayuwa.

"Me ka taka?"

"Ban taka komai ba."

"Sauka ka sake."

Ya kashe, ya sauka, ya hau. Yana kallon idona yana cewa, "Ka gani, ban taka komai ba," ƙafar tana can tana danne da feda.

"Kulocin bas ɗinsa yake takawa, Auta," in ji Yaya, tana matse zani. "Ai ko fanka zai kunna sai ya taka ƙasa da ƙafar nan. Rannan yana kunna rediyo ya take mini wutsiyar mage."

Na ce masa ya tuna sikelin mai nama. Mai nama yana ɗora kwano, ya mai da sikelin sifili, daga nan sikelin ya manta da nauyin kwanon. Haka sensar nan take. A daidai lokacin da ka kunna, duk abin da ta ji a kan feda shi take ɗauka a matsayin babu. Shi kuwa yana ɗora mata rabin jikinsa. Bayan haka duk takun da bai kai wannan nauyin ba, a wurinta bai taka ba. Mu da muke kunnawa muna tsaye a gefe, keken ya ɗauke mu. Shi yana jan ƙarfe da batir da inji zuwa kan tudu da ƙashin ƙafarsa.

Ya kalli ƙafar. "Shegiya," ya ce mata. "Ashe ke ce."

Na ɗauka an gama, ashe da saura. Ya gwada ajiye ƙafar a ƙasa, yatsa na zuwa kan maɓalli ita tana tashi da kanta. Yaya ta riƙe masa gwiwa, ya kusa ɗaga ta sama. Na ce to ya kunna yana tsaye a gefe kafin ya hau.

"Ni? In ta da mota ina ƙasa? Yaron mota ka mai da ni?"

"To ni in riƙa kunna maka," in ji Yaya.

"Fasinja ba ya taɓa makulli."

"Yau ni ce fasinja? Wa ya dafa abin da ke cikin cikin nan?"

Na bar su suna yi na koma shago. Tsohon da ya shekara talatin yana abu, ba da baki za ka raba shi da shi ba. Na sami guntun katako mai kauri, na ciro tsohuwar feda daga tarin ƙarafa, na sa mata sifirin na tsohon sirdi a ƙasa, na ɗaure da noti. In ka taka tana sauka, in ka saki ta dawo. Na kai na kafe shi a bakin ƙofarsu, gefen hagu, daidai inda yake tsayar da keke, don ƙafar ta sami kulocin takawa ba fedar keken ba. A lambu ba ya bukatar wani, dawowa gangara ce.

Ya taka, ya saki, ya sake takawa. "Ya yi laushi."

"Haka za ka haƙura da shi."

Ran Asabar Nas ta zo da motarta, Yaya a gaba, ni a baya. Direba ya hau, ya gyara madubi, ya taka katakonsa, ya kunna, ya mai da ƙafa kan feda. Takun farko keken ya yi gaba da shi har hularsa ta koma ƙeya. Muka bi shi. Da muka fara hawa tudu Nas ta matso kusa ta sauke gilashi don ta ji numfashinsa. Shi kuwa ya juyo ya fara ba ta labarin wani fasinja da ya taɓa shigo masa da tsani cikin bas. Bai tsaya jan iska ba, tsanin ya shiga ta ƙofar gaba, ya fasa fitila, ya fita ta taga, muna ta hawa.

"Baba, kalli gabanka!"

"Ke za ki koya mini tuƙi? Ba ki sa sigina ba tun daga kwanar can."

A bakin tanki ya tsaya. Nas ta fito ta kama wuyan hannunsa tana kallon agogonta. Ta taɓa bayan rigarsa, a bushe. Ta sake kama hannun.

"Kada ka wuce azahar a rana," ta ce. "Kuma ka riƙa zuwa da ruwan sha."

"Ji ta, kamar ita ta haife ni." Ya kwance kwando ya ciro ƙananan fartanya biyu, ya miƙa mata ɗaya, ya miƙo mini ɗaya. "Tun da kun zo, albasa na son cira. Ke dama, mai faci hagu."

Na ce ina da kekunan mutane a shago. Ya ce su jira. Sai da muka gama layin albasar kaf aka sallame mu.