Badi'a da Layin Bakin Get

Badi'a Ladan 'yar Ɗorayi ce, ta uku a ɗakinsu. Mahaifinta ya yi shekara goma sha tara yana aiki a wata masaƙa a Bompai, har ranar da aka kashe injina aka ce kowa ya kama gabansa. Ta gama sakandare da sakamako mai kyau, burinta duk ta zama malamar makaranta, amma gida ba hali. Shi ya sa tana 'yar shekara ashirin ta shiga wani kamfanin roba a Sharaɗa, inda ake yin silifa da bokitai. Aikinta ta zauna a benci da reza a hannu tana yanke gefen takalman da suka fito daga inji, tun bakwai na safe har la'asar.

A wannan bencin ta haɗu da Rahamatu, 'yar Tasawa ta ƙasar Nijar, doguwa, mai dariya da dukan baki. Mijinta Salisu yana cikin masu lodin motoci da ake ɗauka kullum a bakin get. Ranar farko Badi'a ta yanke yatsa, Rahamatu ta yagi bakin ɗankwalinta ta ɗaure mata, ta ce, "Ke Bakanuwa, reza ba biro ba ce, ki riƙe ta da ladabi." Tun daga nan kwanonsu ya zama ɗaya. Badi'a ta zo da ɗanwake, Rahamatu ta zo da dambun zogale, su ci suna gardamar wace ƙasa ta fi iya yaji.

Wata rana aka liƙa takarda a bango. Rahamatu ta tsaya tana kallonta kamar mai kallon ruwan da ba ta san zurfinsa ba.

"Me suka ce?"

"Za su ɗauki mutum huɗu su koya musu tuƙa inji. Sai wanda ya iya karatu da rubutu."

"Mata fa?"

"Ba su ce ban da mata ba."

"Ba su ce da mata ba kuma," in ji Rahamatu. Sannan ta ce, "Ni dai ko ba inji, ina so watarana in karanta takarda da idona, ba da bakin wani ba."

Washegari bayan azahar Badi'a ta tsinto wani kwali ta rubuta baƙaƙe biyar. Hutun rabin awa ne, a ciki za a yi salla a ci abinci, abin da ya rage shi ne makaranta. Wasu matan suka fara da tsiya, suna cewa boko bayan tsufa, amma kafin damina ta wuce mata goma sha ɗaya ke zagaye kwalin. Rahamatu ta fi kowa naci. Ranar da ta haɗa sunanta da kanta, sai da ta zagaya da kwalin ta nuna wa har mai gadi.

Sai abin ya faru, wata Litinin da safe. An daɗe ana tsamin rai a bakin get. Samarin unguwa na cewa baƙi daga Jigawa da Nijar sun kwashe aikin kullum, su da hayaƙin kamfani ke shiga ɗakunansu ba a ɗaukarsu. Baƙin kuma na cewa su ke rigan kowa zuwa. Ranar aka fara da turereniya, aka koma jifa, aka fito da gora. Salisu ya karye a hannu, kansa ya fashe. Kwana shida bayan haka Badi'a ta tashi daga aiki ta je duba shi, ta tarar da kwaɗo a ƙofar ɗakinsu. Maƙwabciya ta ce danginsa sun zo da safe sun tafi da su gida. Rahamatu ta bar sallahu a ce wa Badi'a ta yafe ta, ba ta samu ta yi sallama ba.

Badi'a ta daɗe tsaye a tsakar gidan nan. Ba ta yi kuka ba sai da ta shiga adaidaita.

Makonni ta yi tana zama a benci ba ta iya cinye abincinta. Wata sabuwa aka zaunar a gefenta, mutuniyar kirki, amma duk lokacin da wani abin dariya ya faru Badi'a sai ta juya dama, ta ga ba fuskar da take nema ba ce. Ta so ta daina koyar da karatun ma. Saudat, ɗaya daga cikin ɗalibanta, ita ta ajiye mata kwali a cinya ta ce, "Ita ta tafi, mu muna nan."

Wanda samarin unguwa ke jin maganarsa shi ne Haidar, kuma aji ɗaya suka yi da Badi'a a firamare. Ta same shi a wurin mai shayi, a gaban abokansa, abin da mace ba ta saba yi ba.

"Haidar, tun da kuka kori mutane, kai an ɗauke ka aiki?"

Ya haɗe rai. "Badi'a, wannan ba maganar mata ba ce."

"Ƙawata ce ta tafi, ka ga kuwa maganata ce. Ka ba ni amsa."

Kowa a wurin ya san tun ranar faɗan kamfani ya rage ɗaukar 'yan kullum, motoci na kwana ba lodi. Ta tafi ta bar shi. Ta sake dawowa bayan kwana biyu, ta sake dawowa. A karo na huɗu ya ce, "To me kike so a yi?"

Abin da take so ba wani abu mai wuya ba ne: layi ɗaya, littafi ɗaya. A rubuta sunan duk mai neman aikin kullum, ɗan gari da baƙo, a riƙa bi da bi, wanda ya shiga yau ya koma baya gobe. Ta kai maganar wurin Malam Gwadabe, shugaban ma'aikata, dattijon da ya san mahaifinta tun zamanin masaƙa.

"Malam, ku ne manya, in kun sa baki za a ji."

"'Yar Ladan," ya ce, "ni zan tara miki mutane, amma ke za ki yi bayani. Mu mun yi namu zamanin."

Aka taru a ƙofar gidan mai unguwa bayan la'asar. Ta fara bayani. Wani ya ce tun yaushe mace ke raba wa maza aiki, sai Haidar ya ce masa ya bari ta gama. Ba a amince a ranar ba, sai a zama na uku. Ko bayan nan an sake tayar da jijiyar wuya sau biyu, an taɓa yaga littafin ma. Amma aka kafa kwamitin matasa bakwai, uku 'yan unguwa, biyu baƙi, biyu mata, kuma shekara biyu ke nan ba a sake zubar da jini a bakin get ɗin ba. Matasan yankin masana'antu na Challawa sun zo sun ga yadda ake yi. Da aka sake neman masu koyon inji, Badi'a ta shigar da sunayen mata huɗu, aka ɗauki biyu. Saudat ce mace ta farko da ta tsaya gaban injin bokiti a kamfanin.

Mutane na yaba mata, takan ce Allah ne. Abin da ba ta faɗa shi ne, duk ranar da wani abu ya yi kyau, mutum ɗaya take so ta fara ba labari, ita kuwa tana can bayan iyaka. Akwai watannin da aka rufe iyakar ma, waya kuma sai a yi ta kira ba ta shiga. In ta shiga, Rahamatu kan ce hannun Salisu ya ɗoru amma ba ya ɗaukar nauyi, ya koma noma, Kano sai dai a labari.

Bana da azumi ya gabato Badi'a ta roƙi mahaifinta ya bar ta ta je Tasawa bayan salla. Ya ce hanya ba lafiya, ta bari sai an ga hali. Ba ta yi musu ba. Ta sayi atamfa turmi ɗaya da man shafawa, ta kai tasha ta ba wani direba da ya ce ya san unguwar su Rahamatu. Ta tsaya har motar ta cika ta tashi, sannan ta tsallaka titi ta nemi abin hawa zuwa Ɗorayi.